Fashin Baƙi: Me Ya Sa Danshi Ke Ƙin Tsayawa a Sabon Akwatin Tabar Siga Mai Lantarki?

Tambayar da ta fi yawa a bakin waɗanda suka sayi akwatin ajiyar tabar siga mai aiki da lantarki ita ce: tunda na'ura ce mai allo da maɓallai, don me sai an ɗauki mako biyu ana shirya ta kafin a zuba taba a ciki, kuma don me bayan an gama shirin lambar danshin ke ta hawa da sauka kamar ba a yi komai ba? Wasu sukan mayar da akwatin ga wanda ya sayar musu da zargin ya lalace, wasu kuma su yi ta ƙara ruwa har tabar ta yi fumfuna. Mafi yawan wannan ruɗani tushensa ɗaya ne. Lambar da ke kan allo labarin iskar cikin akwatin take bayarwa, alhali kuwa ruwan da ake ta fafutuka a kansa kusan dukansa yana cikin katako da ganyen taba.

Abin da ake ajiyewa da dalilin ajiyar

Tabar siga naɗi ce ta ganye zalla, babu takarda: akwai ganyen ciko, da ganyen ɗauri da ke riƙe shi, da ganyen rufi mai laushi da ake naɗewa daga waje. Fitattun wuraren nomanta, irin su Pinar del Río a Kyuba da Estelí a Nikaragwa da kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominika, wurare ne masu laima, kuma a cikin laimar ake sarrafa ganyen a naɗe shi. Ganyen taba yana shan ruwa daga iska idan iskar ta fi shi danshi, yana kuma saki idan ta fi shi bushewa. Idan ya bushe, rufin yakan tsage, wuta ta ci shi da sauri, ɗanɗanon ya yi kaifi, kuma man da ke ba shi ƙamshi ya ƙafe, wanda ko an sake jiƙa ganyen ba ya dawowa. Idan ya jiƙe da yawa sai ya kumbura, zuƙa ta yi wuya, wuta ta yi ta mutuwa.

Tsohuwar ƙa'idar da aka fi ji ita ce saba'in da saba'in, wato danshi kashi 70 cikin ɗari da zafi digiri 70 a ma'aunin Faranhait, wanda ya yi daidai da digiri 21 a ma'aunin Salsiyas. Kamfanin Habanos, wanda ke fitar da tabar Kyuba zuwa kasuwannin duniya, yana ba da shawarar digiri 16 zuwa 18 na Salsiyas da danshi kashi 65 zuwa 70. Masu ajiya da yawa a yau sun fi karkata ga 65, domin taba ta fi cin wuta daidai a nan, kuma tazarar da ke tsakaninta da fumfuna ta fi faɗi. Ya kamata a faɗa a sarari cewa kyawun ajiya bai rage wa taba cutarwarta ko kaɗan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma an tabbatar da alaƙar tabar siga da ciwon dajin baki da maƙogwaro da huhu, ko da mai shanta ba ya haɗiye hayaƙin.

Me kashi 65 yake nufi?

Iska tana da iyakar tiririn ruwan da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana ƙaruwa da zafi. A digiri 10, iskar da ta cika wuri mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana ɗaukar kimanin giram 9 na ruwa, a digiri 20 kimanin giram 17, a digiri 30 kuma kimanin giram 30. Lambar da ma'aunin danshi ke nunawa ita ce kason da iskar ta ɗauka daga cikin wannan iyaka a zafin da take ciki a wannan lokacin. Saboda haka ruwa iri ɗaya a cikin akwati ɗaya zai ba da lamba dabam da zarar zafi ya canja, ba tare da ɗigo ɗaya ya shiga ko ya fita ba. Duk wanda ke neman daidaita danshi alhali zafin akwatinsa na kai da kawowa, yana gyaran abu na biyu ne kafin na farko.

Akwai kuma matakin raɓa, wato sanyin da idan iska ta taɓa shi sai ta sauke ruwanta, kamar yadda kwalbar da aka ciro daga firji take yin gumi. Iskar da ke digiri 18 da danshi kashi 65 za ta sauke ruwa a kan duk abin da zafinsa ya gaza kimanin digiri 11. Wannan lissafi shi ne ya raba akwatin lantarki da akwatin katako na gargajiya.

Inda na'urar ke yaƙar mai ita

Yawancin waɗannan akwatuna zafi kawai suke sarrafawa. Allon yana nuna danshi, amma nunawa ce kurum, tushen danshin sai mai akwatin ya sa da hannunsa, sai dai a manyan masu tsada da ke da tankin ruwa da fankar hura laima. Sanyin kuwa ta hanya biyu ake samar da shi. Ƙananan akwatuna suna amfani da farantin lantarki mai aiki bisa abin da Bafaranshen nan Jean Peltier ya gano a 1834, cewa idan wuta ta ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, gefe ɗaya yakan yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Ba shi da ƙara sosai, ba ya girgiza, amma ƙarfinsa kaɗan ne: da ƙyar yake sauke zafin ciki fiye da kimanin digiri 10 ƙasa da na ɗakin. Manyan akwatuna kuma suna da kwamfireso irin na firji, mai ƙarfin sanyaya ko a ɗaki mai zafi, sai dai ya fi tsotse ruwa daga iska.

A duka biyun, wurin da ke samar da sanyi ya fi iskar akwatin sanyi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa yana sauka ƙasa da matakin raɓa. Duk lokacin da na'urar ta tashi, ruwa yakan taru a bangon baya, lambar danshi ta faɗi da maki da dama cikin mintuna kaɗan. Idan ta tsaya, wani ɓangaren ruwan ya koma iska, lambar ta hau. Wannan hawa da sauka ɗabi'ar na'urar ce. Abin damuwa shi ne ruwan da ya gangara ta ramin magudana ya fita waje, domin wannan ya tafi ke nan, kuma daga katako da taba za a biya shi.

Dalilin shayar da katako

Kantoci da durowoyin akwatin galibi da katakon da ake kira sidar Sifaniya ake yin su, itacen da masana suka sani da Cedrela odorata, wanda ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne daga dangin maɗaci. An zaɓe shi saboda yana shan danshi yana saki ba tare da ya lanƙwashe da sauƙi ba, kuma ƙamshinsa yana tafiya da na taba. Daga masana'anta a bushe yake zuwa. Katakon da ya zauna a iska mai danshi kashi 40 yana riƙe ruwa kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa, wanda ya zauna a kashi 65 kuwa kimanin kashi 12.

A ƙaddara akwati mai cin lita 70, da kantoci masu nauyin kilo 3. Duk ruwan da ke cikin iskarsa a digiri 18 da danshi kashi 65 bai kai giram ɗaya ba. Katakon kuwa, kafin ya tashi daga kashi 8 zuwa 12, sai ya sha sama da giram 100. Wato ƙishin katakon ya ninka abin da iskar ke riƙewa fiye da sau ɗari. Idan aka zuba taba kafin a kashe masa wannan ƙishi, daga jikin tabar zai sha, kuma ganyen rufi ne zai fara biya. Wannan lissafin ne kuma yake bayyana yaudarar kwanakin farko: a ajiye kwanon ruwa da safe, da yamma allo ya nuna 75, mai akwati ya ɗauka an gama. Iska ce kawai ta ƙoshi, tunda ita da ɗigo kaɗan take ƙoshi. Katakon fatarsa ce ta jiƙe, kuma ruwa yana buƙatar kwanaki kafin ya ratsa zuwa tsakiyarsa. A cire kwanon a ga yadda lambar za ta zube kafin wayewar gari.

Abubuwa biyu kafin ruwa

Na farko warin roba. Cikin akwatin lantarki yawanci roba ce ko ƙarfe, kuma sabuwar roba tana da warin da ganyen taba ke ɗauka cikin sauƙi. Ana fitar da kantocin, a goge bangon da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a bar ƙofar a buɗe kwana biyu ko uku. Idan warin ya nace, kwanon bekin soda ko gawayi yana taimakawa. Mai kwamfireso kuma ana barinsa a tsaye wasu sa'o'i bayan an kawo shi kafin a jona shi, don man injin ya koma mazauninsa.

Na biyu, wanda aka fi tsallakewa, gwajin ma'auni. Ma'aunin da aka haɗa a jikin akwatin sau da yawa yana kusa da fanka ko farantin sanyi, inda iska ta fi canjawa, kuma ba abin mamaki ba ne a same shi da kuskuren maki uku zuwa biyar. Ya fi kyau a nemi ƙaramin ma'auni na dijital dabam a gwada shi da gishiri. Ana cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar su kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin iska a kashi 75 a zafin ɗaki, kuma wannan sananniyar ƙa'ida ce ta kimiyya da ɗakunan gwaji ma ke amfani da ita. Idan ma'aunin ya nuna 71, to kullum a ƙara masa huɗu, ko a gyara shi idan yana da maɓallin gyara.

Hanyoyin shayarwa da saɓanin da ke kansu

Ruwan da ake amfani da shi shi ne tataccen ruwan tiriri, wanda aka tafasa aka tara tururinsa. Ruwan famfo yana ɗauke da ma'adinai da kan bar farin tabo su toshe na'urar danshi, da sinadarin kilorin mai wari, wani lokaci har da irin fumfuna.

Hanya mafi sauri ita ce goge katakon da jiƙaƙƙen soso. Masu yin haka suna cewa tana rage jira zuwa kwana biyu ko uku, kuma wasu masana'antu ma haka suke rubutawa a takardar bayani. Masu ƙin ta suna nuna cewa ruwan da ya taɓa katako kai tsaye yana kumbura samansa alhali cikinsa a bushe, sai fuskar ta yi kaushi, siririn allo ya lanƙwashe, durowa ta cije. A ganina masu ƙin sun fi hujja, musamman da yake kantocin waɗannan akwatuna sirara ne, kuma saurin da ake samu rabinsa na allo ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce ajiye faffaɗan kwano ɗaya ko biyu na ruwan tiriri a rufe ƙofa, katakon ya sha daga iska a hankali. Faɗin kwanon ya fi zurfinsa muhimmanci, domin daga saman ruwa tiriri ke tashi, shi ya sa wasu kan sa sabon soso a ciki don ƙara fili. Ta uku kuma ita ce fakitin danshi mai aiki ta fuska biyu, irin na kamfanin Boveda, wanda ke ɗauke da ruwan gishiri a cikin leda mai numfashi, yana sakin danshi idan iska ta bushe, yana tsotsewa idan ta yi yawa. Na shayarwa shi ne mai lamba 84, wato mai tsayar da danshi a kashi 84, kuma umarnin kamfanin shi ne a bar shi kwana 14 ba tare da buɗe akwatin ba. A nan akwai abin lura: an tsara wannan ne da tunanin akwatin da dukansa katako ne kuma yana ɗan yoyon iska. Akwatin lantarki yana da robar bakin ƙofa irin ta firji, katakonsa kuma kaɗan ne, don haka cikin sauƙi ake wuce gona da iri, a wayi gari da katakon da ya ƙoshi a kashi 78, wanda sauko da shi ya fi hawar da shi wahala.

Sai batun ko a kunna na'urar yayin shayarwa. Masu cewa a kunna suna duba fankar da ke raba danshi ko'ina. Masu cewa a kashe suna duba farantin sanyi da ke sace ruwan da ake ƙoƙarin ba katako. Abin da ya fi dacewa da lissafi shi ne a haɗa biyun bi da bi: a shayar a kashe na kimanin mako guda, sannan a cire kwanon, a sa tushen danshin da za a zauna da shi, a kunna, a bar akwatin babu taba na wasu kwanaki. Alamar an gama ita ce lambar ta tsaya maki biyu ko uku sama da inda ake nufa, kwana biyu ko uku a jere, bayan an cire ruwan shayarwa.

Bayan an zuba taba

A nan ne haƙuri ya fi ƙarewa. Sabuwar taba tana zuwa da nata danshin, wata a bushe saboda tafiya, wata a jiƙe daga shago, kuma akwatunan katakon da take zuwa a ciki su ma suna da nasu ƙishin. Lambar za ta motsa, kuma tana iya ɗaukar mako biyu ko fiye kafin ta zauna. Amma da zarar ta zauna, tabar ita ce babbar mai riƙe danshin. Kara 200 masu nauyin giram 12 kowanne suna ɗauke da ruwa kusan giram 300, don haka akwatin da ya cika kashi biyu cikin uku ya fi wanda ke da kara goma natsuwa ƙwarai. Wanda tabarsa kaɗan ce yana iya cike gurbin da wofintattun akwatunan sida.

Tushen danshi na dindindin ya kamata ya zama mai aiki ta fuska biyu: fakiti mai lamba 65 ko 69, ko ƙwayoyin silika masu shan danshi suna saki, da aka tsara don wani kaso na musamman. Tsohon soson furanni da ake jiƙawa da ruwa haɗe da sinadarin firofilin gilaikol an yi shi ne don akwatin da ke yoyo, kuma a rufaffen akwatin lantarki yakan kai danshi sama da yadda ake so. Kada a haɗa fakiti masu lamba dabam-dabam, domin babba zai yi ta shayar da ƙarami har ya ƙare. A rarraba su sama da tsakiya da ƙasa, a bar tazara tsakanin taba da bangon baya, kuma idan akwatin dogo ne a sa ma'auni biyu, tunda bambancin maki biyu ko uku tsakanin kanta ta sama da ta ƙasa abu ne da aka saba gani.

Babban maganin hawa da sauka shi ne rage wa na'urar aiki. Idan ɗakin yana digiri 30 aka umarci farantin Peltier ya kai 16, ba zai kai ba, kuma ba zai huta ba, sai ya wuni yana tatsar ruwa. Gara a sa shi a 19 ko 20, a nisanta akwatin daga rana, a bar fili a bayansa don zafin da yake fitarwa ya samu hanya. Kuma duk gyaran da aka yi, a ba shi kwana uku kafin a yi wani. Karatun da ya dace a yi aiki da shi shi ne matsakaicin na yini, tunda faɗuwar minti goma ba ta isa ta ratsa ganyen rufi ba, balle ta kai ciko.

Game da ramin magudana, wasu suna toshe shi don hana danshi tserewa, wasu suna barinsa don kada ruwa ya kwanta a ƙasan akwatin. Duka biyun suna da gaskiya gwargwadon yanayin ɗakin. Wanda ya toshe, to lallai ya sa abin da zai tare ruwan a ƙarƙashin farantin, kamar jakar busassun ƙwayoyin silika, ya kuma riƙa dubawa. A mai kwamfireso, inda ruwan ya fi yawa, toshewar ta fi haɗari.

Idan danshi ya ƙi sauka daga 73 ko sama, a cire tushen danshin, a buɗe ƙofa na ɗan lokaci in iskar ɗakin ta fi bushewa, ko a sa busasshen katakon sida ya sha rarar. Idan ya ƙi hawa, kafin a zargi komai a gwada robar ƙofa: a maƙale takarda a rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, nan ne iska ke shiga. Idan wuta ta ɗauke kuwa, a bar ƙofar a rufe kawai, domin katako da taba za su riƙe danshin, zafi ne kaɗai zai hau a hankali.

Ƙwaro da fumfuna

Dalilin da ya sa mutane ke sayen akwati mai sanyi tun farko shi ne ƙwaron taba, Lasioderma serricorne, ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsawon milimita biyu zuwa uku, wanda ƙwansa kan zo a cikin ganye tun daga masana'anta. Idan zafi ya wuce kimanin digiri 22 tare da danshi mai yawa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda taba, ta bar ramuka kamar na kan allura da gari mai ruwan ƙasa. Sanyin digiri 18 yana danne shi ne, bai ba da tabbacin an rabu da shi ba. Mai son tabbaci yakan rufe sabuwar taba a leda biyu, ya sa ta a firji kwana ɗaya, a firiza kwana uku, ya mayar firji kwana ɗaya, sannan ya bar ta ta huce a cikin ledar kafin ya buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan ganyen.

Fumfuna kuwa danshi take bi, kuma sanyi ba ya hana ta. An daɗe ana cewa akwai wata farar ƙura mai kyau da ke fitowa a kan tsohuwar taba daga man ganye, wadda ta bambanta da fumfuna, amma masu ajiya da yawa yanzu suna ɗaukar duk farin da ya fito a matsayin fumfuna har sai an tabbatar da akasin haka, kuma wannan shi ne matakin da ya fi aminci. Wadda ta tsaya a kan rufi ana goge ta, a ware karan, a sauke danshi. Wadda ta shiga ta buɗaɗɗen bakin karan zuwa ciko, ko ta yi kore ko shuɗi, zubarwa ake yi. Idan ta kama katako, ana fitar da kantar a goge ta da ɗan sinadarin alkohol na tsabtace kaya, a shanya har warin ya fita gaba ɗaya, sannan a sake shayar da ita daga farko kafin a mayar da taba a kanta.